DARASIN LAFIYA: Yadda Za A Rage Wahalar Maganin Sankarar Mama A Gida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi matar da aka riga aka gano tana da sankarar mama, wato ciwon daji na nono, kuma an fara yi mata magani. Wata tana ɗauke da juna biyu aka gano cutar. Wata kuma lafiyarta lau, amma uwarta ko yayarta ko kishiyarta ce ke kan magani, ita ce mai jinya. Mun fi karkata ga mutanen Yauri da Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, saboda nisan da ke tsakaninsu da inda ake ba da maganin.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 30,000 ne suka kamu da wannan cuta a Nijeriya cikin shekara ɗaya. A 2021 hukumar ta kafa wani shiri a kan sankarar mama, kuma ɗaya daga cikin burinsa shi ne a samu aƙalla mata 80 cikin 100 suna kammala maganinsu har ƙarshe. Abin da ya sa aka sa wannan buri shi ne mata da yawa suna farawa, in wahala ta taso sai su daina. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa yana ba cutar damar dawowa da ƙarfinta. Yawancin wahalar nan tana da dabarar da za a sassauta ta a gida, kaɗan ce ke buƙatar a garzaya asibiti. Sanin bambancinsu shi ne darasin.

1. Ire-iren maganin

Akwai tiyata, inda ake cire ƙullutun ko nonon duka, wani lokaci har da kaluluwar hammata. Akwai kemo, maganin da ake ƙarawa ta jijiya, galibi duk bayan kwana 21, sau shida zuwa takwas. Akwai gashin na'ura, wato haske mai ƙarfi da ake haska wurin kwana biyar a mako, na tsawon mako uku zuwa biyar. Sai ƙwayoyi irin su tamoksifen, waɗanda ake sha shekara biyar zuwa goma. Ba kowace mace ake yi wa duka ba. Kemo yana kashe ƙwayoyin halitta masu saurin yaɗuwa, shi ya sa bayan cutar yake taɓa gashin kai da fatar baki da hanji da ɓargo, inda ake ƙera jini. Waɗannan wuraren suna farfaɗowa bayan an gama.

2. Idan kina da juna biyu

Ana samun sankarar mama a kusan ciki ɗaya cikin 3,000. Ciki yana sa nono ya cika ya yi tauri, don haka ƙullutu yana iya ɓuya. Duk ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ki nuna wa ungozoma ranar awo, kada ki ce ai na ciki ne.

Samun cutar ba ya nufin dole a rabu da cikin. Ana iya yin tiyata da ciki. Ba a ba da kemo a wata uku na farko, lokacin da ake halittar gaɓoɓin jariri, amma ana bayarwa daga wata na huɗu, a tsayar kamar mako uku kafin haihuwa don jininki ya dawo daidai. Gashin na'ura da tamoksifen sai an sauka. Ki ci gaba da zuwa awo, ki riƙa ɗaukar katin awo da katin asibitin daji tare, kuma ki haihu a asibiti.

Ba a shayarwa ana kan kemo ko tamoksifen, domin maganin yana bi ta ruwan nono. Ita cutar ba ta bi ta nono zuwa ga jariri. Tun kafin haihuwa a zauna da ungozoma a tsara abin da jariri zai sha. Haka nan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi bai dace da wurin da aka yi wa tiyata ko gashi ba, ruwan ɗumi ya isa.

3. Tashin zuciya da rashin cin abinci

Ki sha maganin hana amai a lokacin da aka rubuta, ko da ba ki ji komai ba tukuna. Ya fi aiki kafin amai ya fara. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana maimakon cika ciki sau biyu. Koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fate, alala da dafaffen ƙwai suna da sauƙin shiga. Abinci mai sanyi-sanyi ya fi mai tururi, saboda ƙamshi yana tayar da zuciya. A kwana uku na farko bayan kemo wani ya karɓar miki girki, kuma ki nisanci wurin suya da bandar kifi. 'Yar citta a ruwan zafi tana taimaka wa wasu.

Allah ya hore wa yankin nan kifi. Farfesun tarwaɗa ko karfasa, ba yaji da yawa, yana gina jiki ya taimaka wa rauni ya warke. A haɗa da wake, gyaɗa, dafaffen zogale, miyar kuka da kuɓewa. Babu wani abinci da ke warkar da daji, kuma ba a hana mai daji cin nama ko kifi ko ƙwai ba.

4. Ciwon baki

Baki yakan fara ɗaɗewa bayan kwana biyar zuwa goma. Ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ki kurkure bayan kowane abinci da kafin barci. Ki yi amfani da buroshi mai laushi, ki ajiye asuwaki mai tauri da tsinken sakace. Ki rage barkono da lemun tsami da goro. In kin ga fari-fari a harshe, ko haɗiya ta gagara, a zo asibiti, akwai maganinsa.

5. Gudawa da taurin bayan gida

In gudawa ce, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu. A riƙa kurɓa bayan kowane zagayawa. Maganin hana amai da na rage zogi kuma sukan kawo taurin bayan gida. Maganinsa yawan shan ruwa, gwanda, ganye da 'yar tafiya.

Abin lura: cikin magungunan kemo akwai wani ja, wanda ke mai da fitsari ja na kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan launin magani ne. Amma mutanen bakin ruwa sun san tsargiya. In jan ya wuce kwana biyu, ko da zafi, ko da gudan jini, a gwada fitsarin.

6. Gajiya da zubewar gashin kai

Gajiyar kemo ba lalaci ba ce, surukai su fahimci haka. A ɗauke mata daka da surfe da ɗebo ruwa. Sai dai kwanciya wuni guda tana ƙara kasala. Tafiyar minti 15 zuwa 20 da sanyin safiya ko yamma tana rage ta.

Gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan kemo na farko. Ki tsefe kitso tun da wuri, ki rage tsawonsa, ki bar man saki da rini. Ki sa ɗankwalin auduga mai laushi. Gashi yana dawowa cikin 'yan watanni bayan an gama. Farce da tafin hannu su ma sukan yi duhu, su washe daga baya. Man kaɗanya yana da amfani ga leɓe da hannu da ƙafa, musamman da hunturu.

7. Fatar da ake yi wa gashi

Wurin yakan yi duhu, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya saluɓe. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a tsane da tsumma mai laushi, ban da soso. Kada a goge alamar da ma'aikata suka zana. Ban da turare, hoda, man zafi, man bilicin da tsuguno a kan kasko. Ko man kaɗanya ne, a tambayi masu na'urar kafin a shafa a wurin. A sa riga mai faɗi ta auduga, a kare wurin daga rana.

8. Kumburin hannu

Wadda aka cire wa kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangare yana iya kumbura, ko bayan shekaru. Ki yi motsa hannun da aka koya miki kullum: ki fuskanci bango, ki riƙa hawa da yatsu a hankali har inda za ki iya. Ki koma aiki da hannun sannu-sannu, ba a so a naɗe shi a bar shi. Ki cire zobe da awarwaro masu matsewa. Ki kiyaye ƙayar kifi da wuƙa da ƙunar murhu, in kin ji rauni ki wanke nan take da sabulu. In da hali, a ɗebi jini ko a yi allura a ɗaya hannun. Hannun da ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura farat ɗaya, na asibiti ne a ranar.

9. Zazzaɓi: wannan ba ya jira

Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane kemo, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna raguwa matuƙa. A wannan lokaci ƙaramar cuta tana iya kai mutum kushewa cikin awoyi. Kowane gida mai jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38 ko sama, ko ana rawar sanyi, kada a ce shawara ce ko maleriya a sayo magani a kemis a jira gobe. Kada a sha farasitamol don a ɓoye zafin. A tafi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Yauri ko na Wara, ko tsakar dare ne, a nuna kati, a ce musu tana kan kemo kuma ga ranar da aka yi na ƙarshe. Za a gwada maleriya, a duba jini, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Masu zama a tsibirai da tungayen da sai an hau kwalekwale, ya fi kyau mai jinya ta zauna wurin dangi a gari cikin waɗannan kwanaki, don kada a rasa jirgi da dare. A kwana cikin gidan sauro. A tafasa ruwan sha, a bar wanka da wanki a tafki. A guji nonon da ba a dafa ba, furar kasuwa, ɗanyen ganye da tsiren da ya wuni a buɗe. A rage shiga cunkoson biki da kasuwa, a nisanci yaro mai ƙyanda ko ƙarambau.

Sauran alamun gaggawa: aman da ya hana ruwa zama wuni guda, gudawa fiye da sau huɗu a rana, haɓo ko jinin da ya ƙi tsayawa, ƙuncin numfashi, ciwon ƙirji, kumburin sha-raɓa ɗaya. Ga mai ciki kuma: zubar jini ko ruwa, naƙuda kafin lokaci, ko raguwar motsin jariri.

10. Ga maigida da masu jinya

Daji ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa ko zaman aure, kuma ba jifa ba ne. Wadda aka yi wa gashin na'ura ba ta ɗauke da haske a jikinta, tana iya rungumar jariri ta zauna da mai ciki. Sai dai a awa 48 na farko bayan kemo, ragowar magani yana fita ta fitsari da amai da bayan gida. Mai wanke fo da zannuwa ya sa safar hannu, a wanke kayan daban. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar wa wani wannan aiki.

Ɗaukewar al'ada a kan magani ba ta hana shigar ciki, kuma kemo da tamoksifen suna cutar da sabon ciki. Ku nemi hanyar tazarar haihuwa wadda ba ta da sinadarin da ke cikin ƙwaya da allura, kamar kwaroron roba ko robar mahaifa mai jan ƙarfe. Kada a yi sakiya ko tsaga ko ƙaho a nono, kada a ɗaura garin magani a rauni. Duk jiƙo ko sassaƙen da aka kawo, a nuna wa likita tukuna, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda da ke aikin tace kemo. Batun azumi ma a tattauna da likita kafin watan ya kama.

Tafiya daga Yauri ta Koko da Jega da Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ba ƙarama ba ce. A buga waya a tabbatar da rana kafin a kama hanya, a yi gwajin jini a kan lokaci, a tafi da ruwa da leda da ɗan rakiya. In kuɗi ne matsala, a je ofishin jin daɗin marasa lafiya a tambaya game da asusun tallafin masu cutar daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda ya haɗa da sankarar mama, a ji asibitocin da ke cikin shirin da yadda ake rajista.

'Yar uwa, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar kowane kemo da abin da kika ji bayansa, ko wani ya rubuta miki. Ki kawo shi ranar ganin likita. In wahala ta yi yawa ana iya sauya maganin amai, a daidaita yawan magani, ko a ɗaga rana. Wannan hukunci na likita ne, kada ki yanke shi ke kaɗai a ɗaki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu juna biyu lafiya.