Rina hoto da shayi ko kofi

Tambaya: Malam, ina wanke hotunan baƙi da fari a ɗakin duhu. An ce shayi da kofi na ba su kalar hotunan dā. Yaya abin yake?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa, sai dai ka san abin da ke faruwa. Sinadarin tanin da ke cikin ganyen shayi takardar yake rinawa, ba ya taɓa azurfar da ta yi hoton. Shi ya sa wurin fari ke komawa ruwan ƙasa, hoton ya ɗan dushe. Don haka tun wajen bugu ka ƙara masa ƙarfin baƙi.

Ka fara ɗauraye maganin fiksa daga hoton sarai, in ba haka ba tabo zai fito. Dafa shayin ya yi kauri, ban da sukari da madara, ka tace da ƙyalle, ka bari ya huce, don zafi na sassauta fuskar takarda. Jiƙa hoton da ruwa tukuna, sannan ka tsoma shi a farantin shayin kana jijjigawa. Takarda mai rufin roba ba ta shan rini kamar mai zare.

Ni na fi son shayi, launinsa ya fi na kofi ja-ja. Gwada da hoton da ba ka jin asararsa.