Abin da ya sa API ke aiki a kwamfuta amma ya ƙi aiki bayan an ɗora shi a gajimare

A ɗauki misalin wani matashi a Goron Dutse da ya koyi Node.js ta YouTube. Kawunsa yana da shago a Kantin Kwari, kuma kullum wayarsa cike take da saƙonnin masu sari daga Zariya, Gusau da Maraɗi. Sai yaron ya gina masa manhajar da kwastoma zai zaɓi shadda ko atamfa, ya bar lambar waya, ya biya ta Paystack. A laftof ɗinsa komai yana tafiya lafiya lau. Ana saura mako biyu Sallah ya ɗora aikin a intanet da daddare, ya tura wa kawu adireshin. Da safe sai ga kira: "Kai, ina abin naka? Tun ɗazu yake ta juyi, ya ƙi buɗewa."

Duk wanda ya taɓa ɗora aiki ya san irin wannan safiya. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, rubutun manhajar bai canza ba tsakanin jiya da yau, gidan da take zaune ne ya canza. Saboda haka kafin a taɓa layi ko ɗaya, sai a bi sawun saƙon daga waya har zuwa inda ya maƙale.

Abin da ake gani a waya fuska ce kawai. Bayanan kaya da kuɗi suna can cikin rumbun bayanai. API shi ne yaron shago da ke tsakani: fuska ta aike shi, ya shiga sito ya ɗauko, ya dawo da amsa. Shi kuma yana zaune ne a kan uwar garke, wato kwamfutar wani kamfani da ake haya ko ake aro, a nan kamfanin Render. Wannan hayar ce ake kira gajimare.

Matakin farko ba ya buƙatar laftof ma. A gwada da layin wani kamfanin daban, ko a ce wa aboki ya gwada daga wayarsa, domin wani lokaci laifin na hanya ne. Ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta jefa bankuna da shafuka da dama cikin matsala a Najeriya, ba tare da masu su sun yi kuskuren komai ba. Idan hanya lafiya take, sai a rubuta adireshin API ɗin kai tsaye a burauza, a ga lambar da zai mayar. Lambar 404 na nufin yaron shago yana nan amma bai san ƙofar da aka tambaya ba. Da 401 da 403 duk maganar izini ce. Lambar 500 na nufin saƙo ya isa, manhajar ce ta yi tuntuɓe a ciki. Ita kuwa 502 mai gadin kamfanin ne ke cewa ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya amsa daga ciki. Abin da matashin nan ya gani ke nan.

Littafin rahoto

Kowane kamfanin gajimare yana da shafin da manhaja ke rubuta duk abin da ya same ta, masu harkar suna kiransa log. Sababbin shiga suna tsoronsa saboda tarin jan rubutu da Turanci, sai su koma suna canje-canje a makance suna sake ɗorawa. Wannan ɓata data ne kawai. Rahoton kashi biyu ne: na lokacin haɗa manhaja, da na lokacin da take aiki. A nemi kuskuren farko da ya bayyana, domin sauran da ke ƙasa yawanci 'ya'yansa ne.

A nasa rahoton an rubuta Cannot find module, alhali fayil ɗin yana nan. Ya sa masa suna user.js da ƙaramin baƙi, amma a cikin rubutu ya kira shi User da babba. Windows ba ta damu da wannan bambanci ba, Linux kuwa, wadda kusan duk uwayen garke ke amfani da ita, tana ɗaukarsu a matsayin sunaye biyu. Akwai ƙarin tarko: idan aka gyara girman baƙin kawai a Windows, Git kan ƙi lura da canjin. Umarnin git mv shi ne ke tilasta masa.

Ya gyara, ya sake ɗorawa, manhaja ta tashi, amma rahoto ya ce ba a ga ƙofa a buɗe ba. A nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a fahimta. Kowace manhaja tana sauraron saƙo ne ta wata ƙofa mai lamba, kuma a wani adireshi. Shi ya kwafo app.listen(3000, 'localhost') daga wani darasi. Kalmar localhost, ko 127.0.0.1, ma'anarta "cikin gidan nan kaɗai", wanda ke waje ba zai samu shiga ba, har da mai gadin kamfanin. Abin da ake so shi ne 0.0.0.0, wato a saurari kowa. Lambar ƙofar ma kamfani ne ke bayar da ita ta wani suna, PORT, don haka a rubuta process.env.PORT || 3000, ta yi aiki a gida da waje. Masu Python su fi kowa kula, domin Flask da uvicorn duk a 127.0.0.1 suke tashi idan ba a gaya musu komai ba.

Daga nan 502 ta tafi, 500 ta zo a shafin biyan kuɗi. Mabuɗin sirri na Paystack yana cikin fayil ɗin .env, shi kuma wannan fayil an hana Git ɗaukarsa, kuma daidai ne a hana. Sakamakon haka uwar garke ba ta taɓa ganinsa ba. Maganin shi ne a shiga shafin saituna na kamfanin, a rubuta kowane suna da ƙimarsa da hannu, ba tare da ƙarin fili ko alamar zance ba. Wasu idan sun gaji sai su tura .env ɗin GitHub don a huta. Kada a kuskura. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan dare da rana, laluben mabuɗan da aka bari a fili. Wanda ya riga ya tura, goge fayil ɗin bai wadatar ba tunda yana nan a tarihin Git, sai ya soke mabuɗin ya karɓi sabo. Haka nan mai neman taimako a guruf ɗin WhatsApp ya rufe mabuɗi da lambobin wayar kwastomomi kafin ya tura hoton allo. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, kuma ko ba doka, lambar Hajiyar da ta sayi leshi amana ce.

Postman na gani, waya ba ta gani

Yanzu API yana amsawa a Postman, amma a wayar kawu shafin kaya fari fat. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko, fuskar manhajar har yanzu tana aika yaron shago zuwa http://localhost:3000. A laftof wannan adireshi yana nufin laftof, a wayar kawu kuwa yana nufin wayar kawu, inda babu wani API. Dole a canza shi zuwa sabon adireshi, kuma mai https, domin burauza tana toshe kiran http daga shafin https, sannan tun daga Android 9 manhajojin waya ma ba sa yarda da http sai an ba su izini na musamman.

Na biyu shi ne CORS, wanda ya fi komai sa sababbin shiga ciwon kai. Doka ce ta burauza: idan shafi yana wani adireshi, API yana wani, burauza ba za ta miƙa wa shafin amsar ba sai API ya ambaci sunan shafin cikin waɗanda ya amince da su. Postman ba burauza ba ce, shi ya sa ba ruwanta. Matashin ya amince da localhost:5173 kaɗai, ya manta da adireshin Netlify inda fuskar ta koma. A rubuta adireshin daidai, da https ɗinsa, ba tare da karkatacciyar sanda a ƙarshe ba. Sanya alamar tauraro don a buɗe wa kowa yana kashe jan rubutun, amma ba ya aiki idan ana shiga da kukis, kuma ɗabi'a ce ta ragwanci. Mai son ganin wannan kuskure da idonsa ya haɗa wayar da laftof ta USB, ya kunna damar masu gina manhaja a wayar, ya buɗe chrome://inspect.

Inda aka yi asara

Duk abin da ya gabata jinkiri ne kawai. Wanda ke tafe shi ne mai cin kuɗi. Da Azahar komai ya daidaita, oda bakwai suka shigo, kawu ya ji daɗi. Bayan La'asar aka buɗe, babu ko ɗaya.

Matashin yana ajiye bayanai ne a SQLite, wato fayil guda da ke zaune kusa da manhajar. A laftof wannan ba laifi. A gajimare kuwa faifan da manhaja ke kai na wucin gadi ne: duk lokacin da aka sake ɗorawa ko aka sake tayar da ita, ana ba ta sabon ɗaki ne a share, abin da ta rubuta a tsohon ya tafi. A tsarin kyauta na Render kuma, idan aka yi minti 15 ba wanda ya leƙo, ana kwantar da manhajar, sai wani ya zo a tashe ta. Ke nan ko ba a taɓa komai ba, zuwa masallaci da cin abinci sun isa su share cinikin yini. Hotunan kaya da aka ɗora ta cikin manhajar ma haka suke ɓacewa. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, yana rubuce a takardunsa, karantawa ce ba a yi.

Abin da ya cece shi shi ne kuɗin ba a wurinsa suke ba. Kowane biya yana nan a shafin Paystack da lambar shaidarsa da adadinsa da imel ɗin mai biya, daga nan ya bi mutum bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri yana tambayar kalar da suka zaɓa. Da ya saka lambar waya da sunan kaya a sashen metadata lokacin buɗe biyan, da ko kiran ba sai ya yi ba. Gyaran dindindin shi ne rumbun bayanai mai zaman kansa irin su PostgreSQL, hotuna kuma a kai su ma'ajiya irin Cloudinary ko S3. Rumbun kyauta ma a karanta sharaɗinsa, wasu suna da wa'adin da ake rufe su, don haka a riƙa kwafe bayanai da pg_dump ana ajiyewa. Kyauta a gajimare ba ta da tabbas: Heroku, wanda tsofaffin darussan YouTube ke ta koyarwa, ya rufe tsarinsa na kyauta ranar 28 ga Nuwamba, 2022. Manhajar gwaji ko ta makaranta ta zauna a kyauta ba komai. Wadda ake karɓar kuɗin mutane da ita, gara a sa kuɗin haya cikin lissafi tun farko a gaya wa mai shago.

Barcin nan yana da wata illa. Tashin manhajar kan ɗauki kusan minti guda, kwastoma kuma ba ya jira, sai ya danna maɓalli sau uku. A kashe maɓallin da zarar an danna, a nuna masa alamar jira. A ɓangaren API kuma a sa rumbu ya ƙi karɓar lambar shaidar biya ɗaya sau biyu. Wannan yana da amfani ko ba barci, domin Paystack yana sanar da API cewa an biya ta wani adireshi da ake kira webhook, kuma idan bai samu amsar 200 ba zai sake turo sanarwar. A tuna cewa yanayin gwaji da na gaske kowanne da mabuɗinsa da gurbin adireshinsa: mabuɗin da ya fara da sk_test ba zai tantance sa hannun biyan gaske ba. Adadin kuɗi kuma da kwabo ake tura shi, naira 25,000 ita ce 2500000.

Bayan kwana uku kawu ya sake kira, wannan karon a natse: lissafin ranar Talata ya fi abin da ke littafinsa da oda ɗaya, na Laraba kuma ya gaza da ɗaya. Agogon uwar garke yana kan UTC, Kano kuma tana gaba da awa ɗaya. Wata mata ta yi oda da ƙarfe 12:30 na dare, Laraba ta riga ta shiga a Kano, amma a wurin uwar garke 11:30 ne na daren Talata. Ba a canza agogon uwar garke. Ana ajiye lokaci a UTC yadda yake, sai a juya shi zuwa Africa/Lagos a wurin nunawa da wurin yanke lissafin yini. Ga masu saye daga Maraɗi ba sai an ƙara komai ba, agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne.