Yadda Ake Jan Fatsa Don Giwan Ruwa a Tafkin Kainji

Mu mutanen Sukukutane ba mu da gulbi. Tabki muka sani: damina ta cika shi, dabbobi su sha, yara su yi iyo, kafin bazara ya tsattsage ya koma fako. Ko a ƙasan Dallol Mawri, inda wasu tabkunan ke riƙe ruwa har rani, kamun kifi ba ya buƙatar dogon tunani. Ana jira ruwa ya ja baya, tarwaɗa ta rasa wurin gudu, a shiga da koma da kwando a kwashe. Gaiwa kuwa har cikin busasshen laka ake haƙo ta. Shi ya sa Ba'are irinmu in ya je cin rani Yawuri ya tsaya bakin Tafkin Kainji, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne, wannan ruwa duk kifi ne.

Ni ma haka na zata. Tafkin ya samu ne bayan an kammala madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma ya haɗiye tsohon garin Busa da gonaki da dazuzzuka. Amma mafi yawan wannan ruwa fanko ne. Kifi na da unguwanninsa kamar mutane, kuma giwan ruwa, wanda shi ne babban abin nema, ya fi kowa zaɓen wurin zama. Wani tsohon Basarke da na yi wa yaron jirgi ya taɓa tambayata gaba nawa ce rijiyar garinmu. Na faɗa masa. Ya ce, "To Ba'are, in igiyar gugarka ta gaza da gaba ɗaya, za ka sha ruwa?" Na ce a'a, Baba. Ya ce haka fatsa take.

Jan fatsa shi ne ka saki ƙugiya da koto a bayan jirgi kana tafiya a hankali, koton yana bin ka kamar kifi mai rai da ya ware daga 'yan uwansa. Ba ita ce sana'ar da ke ciyar da gida kullum ba. Masunta sun fi dogara da kalli da birgi da mamari. Wannan hanya ta mai neman babba guda ɗaya ce.

Kafin komai, sai ka gaida masu wuri. Kowane bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa, kuma baƙo ba ya tura jirgi bai je ya yi gaisuwa ba. Ban da ladabi, akwai amfani: su suka san inda aka shimfiɗa kalli, da inda dorina ke kwana. Akwai kuma takardar izinin su ta hukumar jiha, Kebbi ko Neja, gwargwadon gaɓar da kake.

Daga nan sai haɗa kaya, a gida, da rana tsaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ana son zaren lailon mai kauri, wanda zai kai gaba sittin ko fiye, a naɗe shi a jikin jarka marar komai mai murfi gam, ko babban gora. Ba don ado ake naɗe shi a jarka ba, zan zo kan dalilin. Sai ka auna zaren da hannuwanka gaba-gaba, duk gaba biyar ka ɗaura ɗan ƙyalle, ka bambanta launi, yadda ko da duhu za ka san nawa ka saki. A ƙarshen zaren ka sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sayarwa wurin masu kayan su, don kada koto ya riƙa murɗe maka zare. Bayansa ka ƙulla gaba ɗaya ta zare mafi kauri ko siririyar waya. Wannan guntun shi ke shan wahala: marfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi kamar zarto, tsage kuma haƙoransa na datse lailon kamar almakashi. Sannan ƙugiya, babba, wadda ka wasa har ta kama farce in ka goga ta.

Dalma kuwa a ɗaura ta sama da koto da kamar gaba biyu, da siririn zare mai saurin tsinkewa. Dalili shi ne ƙasan Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci. In dalma ta maƙale, gara ita ta tafi ka tsira da sauran kayan.

Koto iri biyu ne. Akwai mai rai, ƙaramar karfasa ko kawara kamar tafin hannu, wadda ka kama da birgi tun da asuba ka ajiye cikin bokiti kana sauya mata ruwa. Ana soka mata ƙugiya ta leɓen sama ko ta hanci, ba ta ciki ba, don ta ci gaba da iyo da kanta. Akwai kuma kifin ƙarya na roba ko katako, mai ɗan harshe a gaba da ke sa shi nutsewa yana kaɗa jiki. Wasu ma cokalin ƙarfe suke yanke wa mariƙi, su huda shi gaba da baya, su rataya ƙugiya. Walƙiyarsa cikin ruwa ta isa ta ja hankalin mai farauta. Ni dai na fi yarda da mai rai. Kifin ƙarya yana da tsada, kuma ranar da kututture ya cinye maka shi za ka wuni kana lissafin kuɗinsa maimakon kallon ruwa.

Lokacin fita shi ne sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ko daga la'asar zuwa almuru. Duk wanda ya taɓa haska idon giwan ruwa da tocila ya ga yadda yake ƙyalli kamar na kyanwa. Ido ne na mai gani cikin duhu-duhu, kuma a irin wannan lokaci yake tasowa farauta. Da rana ta take, sai ya koma ƙasa ya laɓe.

Yanzu ga inda aikin yake: ina za ka bi, kuma a wane zurfi?

Giwan ruwa ɗan kwanto ne. Ba ya yawo a fili yana bin abinci. Yana tsayawa jikin dutse, ko gindin itacen da ya nutse, ko bakin gangaren da ƙasa ta faɗa zurfi farat ɗaya, ya jira ƙaramin kifi ya gifta. Saboda haka ba tsakiyar tafki za ka nufa ba, sai gefen tsibirai masu duwatsu, da bakin tsohuwar hanyar kogi da ke kwance a ƙarƙashin tafkin, da inda ƙananan rafuka ke shigowa. Tsofaffin da suka san ƙasar tun kafin ruwa ya rufe ta suna iya nuna maka da baki: nan tudu ne, can kwari ne. Wanda ba shi da irin wannan tsoho sai ya ɗaura dutse a igiya ya riƙa aunawa, ya riƙe alama da abin da ke gaɓa, misali in waccan kuka ta daidaita da wancan tsauni, to ga gangaren a ƙarƙashinka.

Zurfin kuma yana sauyawa da shekara. Tafkin na samun cikowa biyu: ta damina, mai ruwa fari da laka, da wadda ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini, mai ruwa garau. In ruwa ya yi laka, kifi ba ya gani nesa, dole koto ya wuce kusa da hancinsa. Da zafi ya shigo, wajen Maris zuwa Mayu, ruwan sama ya ɗumama ya zauna bisa na ƙasa ba sa gauraya, na can ƙasan sai ya rasa iskar shaƙa. Giwan ruwa kuwa ba ya jure ruwa marar iska kamar yadda tarwaɗa ke yi. Wanda ya zura koto can ƙurya a wannan lokaci yana zaton babban kifi na wurin da ya fi zurfi, ya kai ƙugiyarsa gidan da ba kowa.

Ka tuna kuma zaren da ka saki ba shi ne zurfin da ka kai ba. Jirgi na tafiya, zare a karkace yake. Kana iya sakin gaba talatin koton bai wuce gaba takwas ko goma ƙasa ba. Hanyar ganewa ita ce ka yi ta saki har ka ji dalma ta taɓa ƙasa, sai ka janyo gaba biyu, ka duba ƙyallen da ke hannunka, ka riƙe wannan lissafi.

A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wannan lissafin ne aka mayar aikin na'ura. A 1966 hukumar jihar Mishigan, ƙarƙashin jagorancin wani masanin kifi mai suna Howard Tanner, ta zuba kifin salmon na tekun Fasifik a ruwayen da ke shiga tafkunan, don ya cinye wani ƙaramin kifi da ya yi yawa har gawarsa na cika gaɓa. Daga nan jan fatsa don salmon da tirawut ya zama babbar harka. Su nasu kifin sanyi yake bi, ruwan da bai wuce digiri 10 zuwa 13 ba, don haka suna saukar da ƙwallon dalma mai kilo huɗu ko fiye da wayar ƙarfe zuwa daidai inda sanyin yake, su maƙala zaren fatsa a jikinsa da ɗan matsi da ke saki in kifi ya fizga. Suna da allon da ke nuna musu ƙasan ruwa. Mu ƙyalle muke da shi da igiya, amma tambayar ɗaya ce.

Sai tafiya. Da koto mai rai, filafili ya fi inji: tuƙi a hankali, ƙasa da tafiyar mai kiwo a bayan tumaki, don in ka yi sauri za ka kashe karfasar ta koma juyi kamar ganye. Da kifin ƙarya ana iya kunna inji a mafi ƙarancin wuta, gudun tafiyar ƙafa. Kada ka miƙe sak. Ka riƙa lanƙwasa kamar maciji, domin duk kwanar da ka sha koton kan rage gudu ya nutse, sannan ya zabura ya taso, kuma sau da yawa a daidai nan ake kai masa cafka. Mutum biyu ne a jirgi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da zare. Zare biyu sun isa, ɗaya gajere ɗaya dogo, kowanne a gefensa. Fiye da haka rikici ne.

Riƙon zare yana da doka guda da ba a karya ta: kada ka naɗe shi a hannu ko a yatsa. Ka riƙe shi tsakanin yatsu da guntun robar tayar keke ko tsumma. Na ga tabon da lailon ya bari a hannun mutum, har ƙashi. Giwan ruwa na iya kai tsawon mutum, manyansa sun haura kilo 100, ko da yake wanda aka saba samu bai kai rabin rabin haka ba. Ko mai kilo 20 ya isa ya fizgo wanda bai zauna da kyau ba.

In ya ci, za ka ji kamar ƙugiya ta kama kututture, sai kututturen ya fara tafiya. Da koto mai rai, ka sassauta masa kaɗan, ka ƙirga zuwa biyar ya juya kifin a baki, sannan ka ja da ƙarfi sau ɗaya. Mai tuƙi kuma nan take ya karkata jirgi zuwa fili, nesa da duwatsu, domin abin da kifin zai fara yi shi ne komawa maɓoyarsa ya goga zaren a jikin dutse. In ya gudu ka bar shi ya ja zare yana jin nauyi. In ya tsaya ka janyo, kana zuba zaren a ƙasan jirgi nesa da ƙafarka. Zai taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai. A nan ake yawan rasa shi. Kada ka ja da ƙarfi a lokacin, kada kuma ka bari zaren ya yi sako-sako.

In ka ga zare na neman ƙarewa kuma kifin ya fi ƙarfinku, ga amfanin jarkar nan: jefa ta ruwa. Zai yi ta jan ta, tana nutsewa tana tasowa, ku kuna biye a hankali har ya gaji. Ba kunya ba ce. Iya ruwa fid da kai.

Alamar ya sallama ita ce ya kwanta a gefe, cikinsa fari ya bayyana. Ka jawo shi jikin jirgi, abokinka ya sa babbar ƙugiya mai ƙota ta ƙarƙashin haɓarsa. Kada a sa hannu cikin kunnensa, kuma a kiyayi ƙayoyin bayansa. In babba ne ƙwarai, ba dole a ɗora shi ba: a zura igiya ta baki a ɗaure shi a gefen jirgi a ja shi gaɓa, don kwale-kwale da yawa sun kife wajen ɗora kifi, ba wajen kama shi ba. Wanda bai kai tsawon kamu ɗaya ba, cire ƙugiya a mayar da shi. Naman da ke jikinsa bai kai abin da zai zama baɗi ba.

Maganar kifewa ta tuna mini: mu 'yan tudu da yawanmu ba mu iya iyo na kirki ba, kuma iyon tabki ba ya fid da mutum a Kainji. Sa rigar kariya, ko masunta za su yi maka dariya. Hatsarin jirgin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasu, bai bar bakin mutanen yankin ba har yau. Farkon damina, in ka ga gabas ta haɗa baƙi, naɗe zarenka ka nufi gaɓa mafi kusa, ko da kifi na ci.

Da kifi ya shigo hannu, a yanka ta wajen kunne jini ya fita, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a kai shi gaɓa da wuri. Ɗanye ya fi kuɗi a kasuwar Yawuri, in akwai ƙanƙara. In babu, sai a yayyanka a kai banda. Kada ka bari mai saye ya haɗa da jakar iskar da ke cikinsa a kuɗin nama. Busar da ita ake yi, tana da nata masu saye, kuma daga Tafkin Biktoriya har ƙasar Sin ake kai irinta.

Kafin ka kwanta, bi zaren da yatsu tun daga ƙugiya har gaba goma. Duk inda ka ji kaushi, yanke ka sake ƙullawa. Ka wasa ƙugiyar, ka shanya zaren a inuwa ba a rana ba, ka zuba wa sauran karfasar sabon ruwa don fitar la'asar.