Ƙashin da ake ɗaba'awa bisa ma'aunin mai shi

A shekarun da na shafe ina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, majinyatan da suka fi tsaya mini a rai su ne samarin da ake kawo mana daga Magama, waɗanda babur ya kayar a hanyar Jibiya ko ta Ɗan Isa, ƙoƙon kai ya lotsa ko muƙamuƙi ya ruguje, alhali an riga an kwana uku ana shafa wa raunin magani a gida.

Bisa al'ada, likitan fiɗa yakan lanƙwasa farantin ƙarfe da hannunsa, ko ya cike gurbin da simintin ƙashi, wani sa'in ma yakan adana ɓallin ƙoƙon kan a ƙarƙashin fatar cikin majinyaci har kumburin ƙwaƙwalwa ya sauka. Amma hikimar da ta bayyana a wannan zamani ita ce, a ɗauki hoton siti-sikan, kwamfuta ta kwaikwayi surar ɓangaren da ya tsira, sa'an nan na'ura ta narkar da garin ƙarfen taitaniyam da hasken leza, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ta gina ƙashi daidai da halittar mutumin nan shi kaɗai. A 2011 aka dasa wa wata tsohuwa mai shekara 83 irin wannan muƙamuƙi a Holan, wanda kamfanin LayerWise na Beljiyam ya ƙera, kowace milimita guda tana ɗauke da shimfiɗa 33. A 2014 kuma likitocin Utrecht suka bayyana cewa sun musanya wa wata budurwa saman ƙoƙon kanta da na roba.

Alal haƙiƙa aikin yana da tsada, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba. Sharaɗinsa biyu kuwa suna hannunku, 'yan'uwa. Na farko, ƙarfe ba ya zama lafiya a raunin da ya yi mugunya, saboda haka karayar kai da fuska, da harbin bindiga, a wuce da su asibiti a Katsina tun ranar, kada a tsaya wurin maɗori, duk da girman sana'arsa. Na biyu kuwa, faifan da muke miƙa muku bayan hoto, shi ne ma'aunin da ake aika wa maƙera ko'ina suke. Ku nemi a ba ku shi tare da takardar bayani, ku killace shi nesa da rana da ƙura, ku zo da shi duk asibitin da aka tura ku.