Yadda Ake Haɗa Kayan Fita Na Namiji, Daga Sayen Shadda Zuwa Wankin Hula

A wurin ɗaurin aure ake ganin abin da nake son faɗa. Ga mutum cikin gezna mai tsadar gaske, amma kafaɗar rigar ta zubo masa har damtse, wuyanta ya yi duhun gumi, hula ta lotse gefe guda. Kusa da shi ga wani cikin yadi mai sauƙin kuɗi, ɗinki ya zauna masa cif, hula ta sha sitaci ta tsaya kyam. Ido sai ya tsallake na farko ya tsaya kan na biyu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai kuɗin da mutum ya zuba a kanti yakan salwanta a hannun tela, ko a bahon wanki. Abin yana ba ni takaici, don na san yadda ake wahala kafin a tara kuɗin yadi biyar a wannan zamani.

Kafin ka nufi kasuwa, buɗe akwatinka ka zazzage. Yawancinmu muna da kaya kala goma amma uku muke juyawa. Ware waɗanda kake sawa, ka lura da launinsu da irin ɗinkinsu, domin su ne suka san jikinka. Sauran ka bayar. Wanda zai fara daga tushe, fari ɗaya, ruwan toka ko ruwan ƙasa ɗaya, da shuɗi mai duhu ɗaya sun ishe shi Juma'a da biki da ofis, kuma hula biyu za su hau duka ukun.

Daga nan sai sayen yadi. In a Kano kake, Kantin Kwari ne uwa, daga can dillalan Katsina da Zariya da Maraɗi da Damagaram suke sarin da yawa daga abin da suke kasawa. Ka je da safe, ka kuma san adadin da kake nema tun daga gida: kaftani da wando yadi huɗu zuwa biyar gwargwadon tsawonka, babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma. Dogon mutum kada ya yarda mai shago ya ce masa huɗu za su isa. A wando abin zai fito, ya ɗage kamar na aro.

Sunan gezna daga Getzner ya samo asali, kamfanin saƙa ne da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, an kafa shi tun 1818. Sunan ya yi ƙarfin da har jabu ma da shi ake sayarwa, don haka rubutun da ke bakin yadi bai isa shaida ba. Ga abin da za ka yi. Fito da yadin waje, hasken rana ya dake shi, domin fitilar shago tana ɓoye aibi, tana kuma canza launi. Damƙe gefe guda a tafin hannu ka saki. Shadda mai kyau tana da nauyi da santsi a cikin zarenta, ta banza kuwa ƙyallinta a sama yake, sitaci ne da aka ɗirka mata, in ka murza da yatsa za ka ji ta yi laƙwas. Sai ka roƙi mai shago ya ba ka zare ɗaya daga bakin da aka yanka, ka fita waje ka ƙyasta masa ashana. Auduga tana ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Wannan ce shaddar da ke dafa mutum a sahun masallacin Idi. In kuɗinka bai kai na shadda ta ƙwarai ba, sayi yadi mai kyau na auduga ka huta. Ya fi gezna ta ƙarya mutunci nesa ba kusa ba.

Yanzu mun zo wurin da aka fi yin asara, wato tela.

Lokaci shi ne farko. Kayan ƙaramar Sallah a watan Rajab ko farkon Sha'aban ake kai su. Duk wanda ya kai ɗinki bayan goma ga azumi, ya sani yara masu koyo ne za su yi masa, cikin dare, da barci a ido, ga wuta tana ɗaukewa. Na taɓa kai wata farar shadda ana saura kwana tara Sallah, telan da na yarda da shi ya karɓa don kunya, aka dawo mini da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aljihun gaba ya karkace. Har yau ina tuna yadda na tsaya a shagon ina jujjuya rigar, raina a ɓace, na san babu gyara. Tun daga ranar ban ƙara kai ɗinki cikin azumi ba.

Sabon tela kada ka fara shi da babban kaya. Ba shi yadi mai sauƙi tukuna. In ya dawo da shi, juya rigar ciki waje ka duba: layin ɗinki ya miƙe? An kalmashe bakin, ko zare na ta zuba? Gidan maɓalli ya fita tsaf? Zanen shadda na gaba da na baya sun fuskanci wuri ɗaya? Cikin riga ne ke faɗin gaskiyar tela.

Ranar awo ka je da kanka, kada ka aika da tsohuwar riga a ce a bi ta, domin ta riga ta buɗe ko ta tsuke. Tsaya yadda ka saba tsayuwa, kada ka haɗiye ciki. Wurare huɗu ne ba a sassauci a kansu. Kafaɗa ta ƙare daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Hannu ya tsaya a wuyan hannu, inda agogo yake zama. Wuya ya bar wurin yatsa biyu in an ɓalle maɓalli. Wando ya taɓa saman takalmi ba tare da ya share ƙasa ba, wanda kuma ke son ya ɗage sama da idon sawu ya faɗa tun a lokacin. Ka tuna masa ya bar ɗan sarari, saboda ba a wanke shadda kafin ɗinki, ga shi auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Ranar karɓar kaya kuma, kafin ka bar shagon, zauna a kujera, ka kuma gwada durƙuson sallah da rigar da aka gama. Matsattsen ɗinkin da samari ke yayi yana da kyau a tsaye, amma a sujada yake tona asiri.

Batun aiki kuwa, ni ra'ayina kaɗan ya fi. Zare mai launin yadin ko wanda ya ɗan fi shi duhu, a wuya da bakin aljihu, ya wadatar wa kaftani. Aikin kwamfuta da ake cika ƙirji da shi yau, baɗi ya zama tsohon yayi. Babbar riga ce gidan aiki, kuma in da hali a yi mata na hannu, irin su aska biyu ko aska takwas da Zariya ta yi suna a kai. Yana ɗaukar makonni, wani har watanni, amma riga ce da ɗa zai gada.

Wanki ne na gaba. Shadda ba ta son ruwan zafi, ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son cuɗa da ƙarfi. Ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a bi wuya da bakin hannu a hankali, a ɗauraye, a tsoma a sitacin da aka dama ya yi ruwa-ruwa, a juya cikinta waje a shanya a inuwa. Rana tana cin launi. In ta bushe a kai wa masu bugu. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli bugu ba ya yi ƙoƙari ya gani: mutum biyu zaune suna fuskantar juna, gungumen ice a tsakani, an yayyafa wa rigar ruwa an ninke, tabarya gajera tana sauka ɗaya bayan ɗaya kamar kiɗa. Dukan ne ke kwantar da zaren ya yi sumul, shi ya sa ƙyallin bugu ya bambanta da na dutsen guga. In dole sai guga, a yi ta ta ciki, a ɗora ƙyalle a kan aiki. Farar shaddar da ta gaji kuma kada a yar, a kai marina, irin ta Ƙofar Mata ko ta garinku, a rina ta shuɗi ko baƙi ta sake sabon zama.

Hula ita ce mutum ke fara gani. San lambar kanka: zagaya tef ɗin tela bisa goshi da saman kunne, yawancin manya suna faɗawa tsakanin inci 21 da 24. Hular Zanna da ta Bama daga Borno suka fito, da allura ake ɗinka su, ɗaya takan ci makonni, kuma mutanen Bama da rikici ya kora zuwa Maiduguri tun 2014 da yawansu da wannan ɗinki suka riƙe gidajensu. In ka samu ta hannu, kada ka yi ta ja-in-ja a kan kuɗinta. Wajen zaɓe, ya isa a ce launi ɗaya a cikin zaren hular ya yi magana da rigar. Kada ka bari sai ta yi baƙin goshi kafin ka kai wanki, domin maiƙon da ya daɗe ba ya fita sai da buroshi mai ƙarfi, shi kuma yana tsinka zare. Mai wankin hula zai wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan katako daidai lambarka ta bushe. Faɗa masa lambar, in ba haka ba ta dawo ta yi maka yawa.

Saura jikin da zai ɗauki kayan. Yi aski kwana biyu kafin taro, don fatar ta huce. Sayi injin aski naka ka riƙa zuwa da shi, reza kuma a ɓare sabuwa a gabanka, saboda makero da ciwon hanta suna iya bin kayan askin da ake rabawa. Mai fama da ƙuraje a haɓa da ƙeya ya daina ƙwalƙwal, ya bar gashin ya ɗan tsaya, a kuma bi shi ta inda ya kwanta. Gemu yana son wanki da taza da ɗan man kaɗanya. Lokacin hunturu ka jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi da dare, ka goge kaushi da dutse, ka shafa mai ka sa safa, domin takalmin fata buɗaɗɗe ba ya rufa wa faso asiri. Asuwaki da yankan farce ba sai an faɗa ba.

Turaren mai a fata ake shafa shi, ko a singileti. In ya taɓa shadda yakan bar tabon da bugu ma ba ya ɓoyewa. In kana son ƙamshi ya kama rigar, daren fita a sa garwashi kaɗan a kasko, a zuba turaren wuta, a kifa kabbasa a shimfiɗa rigar a kai na ɗan lokaci, ana lura kada tartsatsi ya tashi. Da ka dawo daga taron kuma kada ka ninke ta da ɗumin jiki. Zazzage aljihu, rataye ta inda iska ke shiga ta kwana, hular ka kifa ta a wuri mai tsabta, da safe ka bi layin ninkin masu bugu ka mayar da ita akwati.