Zafin Bazara da Kumburin Fuska: Mai Juna Biyu, Ki Kula

'Yar'uwa, daga watan Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Hausa kan haura digiri 40. A wannan lokaci masu ciki da dama kan kumbura, sai a ce ai zafi ne. Ba kowane kumburi ne na zafi ba.

Kumburin zafi

Zafi kan buɗe jijiyoyin jini, ruwa ya taru a ƙafa da idon sawu, musamman da yamma. Idan kika kwanta ta gefen hagu kika ɗora ƙafa a kan matashi, yakan saɓe kafin safiya.

Bugun zafin rana

Wannan shi ne jiki ya kasa sanyaya kansa har zafinsa ya kai digiri 40. Mai ciki ta fi saurin kamuwa, musamman a gaban murhu ko a ɗakin kwano mara iska. Alamominsa su ne jiki ya yi zafi rau, jiri, amai, sambatu da suma. A kai ta inuwa, a rage mata tufafi, a kwara mata ruwan sanyi ana yi mata fifita, sannan a garzaya asibiti. Kada a ɗura mata ruwa idan ba ta cikin hayyacinta. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Kumburin fuska

Kumburin fuska ba ya cikin sanannun alamomin bugun rana. Idan cikinki ya wuce mako 20, kika tashi da safe fuska da fatar ido sun kumbura, zobe ya matse yatsa, wataƙila jininki ne ya hau. Ki zo asibiti a ranar, balle idan akwai:

- ciwon kai mai tsanani
- gani dishi-dishi ko walƙiya a ido
- ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama

Za a auna jininki a gwada fitsari. Awon da ya kai 140/90 tare da furotin a fitsari na iya kaiwa ga jijjiga, wato taune-taune, wadda ke iya halaka uwa da ɗa. Tana iya zuwa ko bayan haihuwa, a lokacin jego.

Ki yawaita shan ruwa, ki yi girki da sassafe ko da yamma. Amma idan fuska ta kumbura, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran ranar awo. Auna jini bai fi minti biyar ba.