Rubuta Wasiyya Tun Da Sauran Lafiya

Wasiyya ita ce abin da mutum ya bari a zartar bayan rasuwarsa. A fiƙihun Malikiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun amince. Kuɗin jana'iza da basussuka suna gabanta.

Rigimar 'yan'uwa galibi daga abin da ba a rubuta ba take tasowa: gonar jingina, kuɗin ajiya a hannun ɗan kasuwa, filin kyauta da ba a damƙa ba. Ya kamata mai dukiya ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya adana takardun gida, adilai biyu su shaida. In dukiya ta canza, a sabunta takardar wasiyyar.